Jirgin da Mas'ud Ya Bari

La'asar ta yi sanyi a Mairuwa, awaki suna shigowa gida da kansu, hayaƙin murhun Zulaihatu yana bin katanga. Mijinta, Malam Gide kafinta, yana zaune a ƙofar ɗakinsa da faranti cike da 'yan siraran katakai. Mutumin da ya shekara arba'in yana kokawa da ƙyaure da benci, yau ga shi yana lallaɓa abin da ko atishawa aka yi sai ya watse.

Jirgin ruwa yake haɗawa, ɗan ƙarami, tsawon kamu ɗaya. Ɗansa Mas'ud, malamin firamare a Sabuwa, shi ya yi odarsa ta waya ya kawo da Babbar Sallah. Irin jirgin Larabawa ne na da, wanda mahaifin Malam Gide ya ƙetare Bahar Maliya a cikinsa zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Komai ya zo a kwali, a yanke, da lambarsa, ga gam, ga zare, ga takardar zane da Turanci. Ɗan yana karantawa, uban yana mannawa. Sun kafa ƙashin bayan jirgin, sun jera haƙarƙarinsa, hutu ya ƙare. A hanyar komawa Sabuwa 'yan bindiga suka tare motarsu, washegari aka kawo gawarsa.

Mas'ud ɗan fari ne, Malam Gide kuwa mutumin da ne mai alkunya. Bai taɓa kama sunan yaron ba, daga "kai" sai "wancan". Ko ranar jana'iza idonsa bai kawo ruwa ba. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, ba su san ciki ya riga ya ƙone ba.

A wannan yammacin katako na uku ya karye masa a hannu. Ya dubi takardar, ita ma ta dube shi. Ladan ya ɗaga murya, duhu yana sauka, sai bakin tsoho ya kuɓuce.

"Mas'ud! Mas'udu, yaya ake lanƙwasa wanga abu?"

Tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo ta, sannan gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki. Hafiza, 'yar autarsu mai shekara goma sha shida, tana tahowa da buta, sai ta tsaya cak. Butar ta faɗi. Ta juyo a hankali, ta buɗe baki, muryar namiji ta fito, da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe.

"Baba, sai an jiƙa shi cikin ruwan zafi tukuna."

Abin da ya kamata Malam Gide ya yi, ko yaro ya sani: neman tsari. Shi kuwa ya juya ga matarsa da ke bakin murhu, ya ce ta ɗora ruwa.

Tun daga ranar, kowace magariba sai tsakuwa ta sauka, sai Hafiza ta zo ta zauna irin zaman yayanta, ƙafa ɗaya a miƙe. Muryar tana faɗin lamba, uban yana shafa gam, yana goge katako da samfefa, yana kiran sunan da ya hana kansa shekara ashirin da takwas, kamar mai ramuwar azumi. Jirgi ya yi ciki, ya yi baki, ya soma kyau. Hafiza kuwa ta daina cin tuwo. Da rana takan kwanta tana kallon azara, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Shi ba ya ganin wannan, magariba kawai yake jira.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Zulaihatu. "Guda ya tahi, ita ma so kake ta bi shi?"

"Saura kaɗan mu gama."

"Ku gama da wa?"

Washegari Zulaihatu ta aiki ƙanenta Kamilu a babur zuwa Mabai, ya ɗauko Malam Almu, tsohon da ya yi suna wajen ruƙiyya.

Malam Almu ya iso rana na faɗuwa. Ya yi alwala, ya sa Zulaihatu ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya soma karatu a hankali. Tsakuwa ta yi ta zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Hafiza ta sandare, ta yi ƙara, muryar Mas'ud ta fito tana kuka.

"Baba, ƙona ni yake! Baba, ka hana shi!"

Malam Gide ya zabura zai riƙe hannun malamin. Malam Almu bai ko dube shi ba, ya ƙara ɗaga murya, har muryar Mas'ud ta tsage, wata ta fito daga ƙarƙashinta, ta tsohuwa, a dushe.

"Ke wace ce?" in ji Malam Almu. "Mi kike nema a jikin ɗiyar mutane?"

"A tsohuwar rijiyar gidan nan nike, tun kafin a haihi yaron. Duk maganarshi a kunnena ya yi ta. Ban zo cuta ba. Tsohon nan na ji ya kira ɗanshi, ya kira, babu mai amsa mashi. Sai na ji tausayi."

"Tausayinki zai kashe yarinya. Fita."

"A ba ni magariba ukku. Saura ƙyallen da iska ke turawa, mu ɗaura, in tahi."

Malam Almu ya ɗaga hannun Hafiza, ya saki, ya faɗi kamar tsumma. Ya juyo ga maigidan.

"Malam Gide, wagga ba ta kai kwana ukku. Kai ka kira, kai za ka sallama."

Tsohuwar muryar ta yi ƙasa. "Ka sani, in na fita, da muryar zan tahi. Ba ka ƙara jin ta har ka mutu. Ko in yi maka ban kwana da ita, sau guda?"

Ba abin da Malam Gide ya taɓa so a duniya kamar ya ce e. Ranar da Mas'ud zai tafi, daga bakin aiki ya ɗaga masa hannu, ko kai bai ɗago ba. Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka a wuyan yarinyar, jijiyoyi duk a waje, leɓɓanta sun tsage don ɗaukar muryar da ba tata ba. Sai yau ya gan ta.

"A'a," ya ce. Hawaye suka ɓalle masa a gaban baƙo. "Ɗana yana kabarinshi. Ki tahi da ita, ki bar mani ɗiyata."

Malam Almu ya sa aljanar ta yi alkawari ba za ta dawo ba. Hafiza ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, kwano ya yi shiru.

An jima ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi uban da ke durƙushe a gabanta. Muryarta ta fito siririya, a tsorace.

"Baba, ni ce. Ba Yaya ba ne. Ka yi haƙuri."

Malam Gide ya kifa goshinsa a kan tafin hannunta.

"Na sani, Hafiza. Ke nike kira."