Ɗanyen Fenti a Kan Noti

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka kira caji ofis. An sami direba a mace cikin tirelarsa, a garejin wani kamfanin jigilar kaya.

Sufeto ya iso tare da Saje. Motar na tsaye a kan ramin gyara, injin a kashe. Mamacin, wanda ake kira Dogo, yana kwance a gadon bayan kujera, amai ya bushe a haɓarsa. Babu rauni.

A kan benci wata mai tsohon ciki tana kuka. Wani dattijo mai rigar aiki ya dafa kafaɗarta.

"Matarsa ce," in ji manaja. "Wancan kuma yayanta ne, babban makanikenmu. Kunne muke ce masa. Inji na yin tari zai faɗa maka ciwonsa."

"Wa ya fara ganin gawar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Kunne. "Kullum da rana haka yake. Ya kunna esi, ya ɗage gilas, ya hau minshari. Zuciya ce. Mutum daga ci sai kwanciya."

"Kai likita ne?"

"Likitan mota."

Ba wanda ya yi dariya.

"Me ya kawo motar kan rami?"

"Birki na duba. Shi kaɗai."

"Salansa fa, bututun hayaƙi?"

"Wata biyu rabona da ita."

Bayan awa ɗaya likitan da aka kai wa gawar ya bugo waya. Zuciya lafiya lau. Hayaƙi ne ya cika jinin.

Manaja ya rantse babu mai faɗa da wani a garejin. Sufeto ya bar shi da rantsuwarsa, ya zagaya baya wurin mai walda.

"Faɗa? Ba a doki kowa ba," in ji mai walda. "Amma sati biyu da suka wuce motar ta rasa ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kama. Kunne ya kasa kunne, ya ce turbo ce. Kwana uku yana kwance-kwance. Sai Dogo ya aro na'ura, ya jona a gaban kowa. Ashe wani ɗan sensa ne na matatar hayaƙi, bai kai yatsana ba. Minti goma, mota ta tashi."

"Sai kuma?"

"Direbobi ba su da mutunci, yallaɓai. Suka koma ce masa Kurma. Dogo ne ya fara. Har a gida, gaban ƙanwarsa."

Sufeto ya sa aka kira injiniyar ofishin duba motoci. Ta zo da kwamfuta a jaka, ta jona a ƙarƙashin sitiyari.

"Fitilar gargaɗi a mace take," in ji manaja. "Babu matsala ke nan."

"Kan batir aka cire aka mayar," in ji Injiniya. "Dabarar tsofaffi. Fitila ta mutu, su ce an goge. Ƙwaƙwalwar wannan motar ba ta mantuwa."

Ta juya wa Sufeto fuskar kwamfutar.

"Sha biyu saura kwata aka tada inji. Iskar da yake shaƙa ta ragu da rabi, kamar an cusa masa tsumma a hanci. Inji mai dizal in ya rasa iska, hayaƙinsa guba ne. Ga kuma matatar hayaƙi: hayaƙin bai isa gare ta ba. A hanya ya fita. Biyu da minti biyar aka kashe."

"Ya fita ta ina?"

"Mu sauka."

Suka shiga ramin da tocila. A haɗin bututun salansa, daidai ƙarƙashin gadon direba, maɗaurin ƙarfen a ɗaure yake tamau. Amma ƙarƙashin motar da ke saman haɗin ya yi baƙi ƙirin, sabuwar kunkunniya. A tsakiyar baƙin akwai murfin roba mai toshe wata ƙofa a daɓen motar, fes, ko ɗigo babu.

"Lokacin da hayaƙi ke bugu, wannan murfin yana aljihun wani," in ji ta.

Sufeto ya haska notin maɗaurin. Jan layi biyu ne a kansa. Ɗaya ya koɗe, ya kauce daga inda yake. Ɗayan yana saman kunkunniyar. Ya taɓa. Yatsansa ya fito ja.

Ya hau sama, ya tsaya gaban bencin.

"Manaja, wa ke shafa wa noti jan fenti?"

"Kunne. Duk notin da ya ɗaure sai ya ja masa layi. Shekara talatin. Ko ƙofar gidansa ka je za ka gani."

Sufeto ya ɗaga yatsansa a fuskar dattijon.

"Wata biyu, ka ce. Fentinka bai iya bushewa ba?"

Kunne ya dubi yatsan. Ya janye hannunsa daga kafaɗar ƙanwarsa.

"Ka ciro tsumma, ka mayar da murfi, ka cire kan batir," in ji Sufeto. "Duk ka tuna. Hannunka ne ya ƙi ɗaure noti babu alama."

"Ciwon kai na so ya yi," in ji Kunne a hankali. "Ya tashi yana layi, ya kawo na'urarsa ta faɗa masa dalili. Ni na koya masa riƙon sifana. Ni na ba shi ƙanwata."

"Ka leƙa shi?"

"Wajen ƙarfe ɗaya."

"Me ka gani?"

"Yana amai. Yana lalubar ƙofa."

"Sai ka yi me?"

"Na ce tukuna. Bai ji a jikinsa ba."

Saje ya fito daga ɗakin kayan aiki, riƙe da kular abinci mai hawa biyu. A ƙarƙashin teburin Kunne ya same ta. Ya buɗe. Wayam, sai cokali.

Matar ta daina kuka. Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu.

"Yaya, ƙarfe ɗaya da kwata na zo. Ina jin injin daga bakin ƙofa. Na ce bari in ƙwanƙwasa masa gilas. Ka ce barci yake, in kawo ka ajiye masa."

Ta juya ga Sufeto.

"Yana da rai lokacin?"

Sufeto ya san amsar. Bai sassauta mata ba.

"Likita ya ce har wajen biyu saura."

Saje ya saka ankwa. Ta bi su da ido har bakin motar 'yan sanda, sannan ta ɗauki kular, ta duba hawa na sama, ta duba na ƙasa.

"Yaya," ta ce. "Har naman ka cinye?"

Saje ya rufe ƙofa.