Tabo a Allon Kwamfuta

Ranar Litinin da hantsi Magdalina ta kai ƙara ofishin 'yan sanda. An sace injin kwamfuta a shagonta na buga takardu da ke Ketaren Gwari, an bar mata allon, mai kama da talabijin. Ba a fasa ƙofa ba, saboda haka aka tsare Kambai, ma'aikacinta mai riƙe da makulli. DPO ya ce a kai shi kotu ranar Laraba.

Sufeto Ndaceko, mai binciken ƙarar, bai gamsu ba. Motar ofis babu mai, sai ya hau acaɓa.

Ya fara da Mudi tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Magdalina.

"Ka ga wani abu?"

"Yallaɓai, ban taɓa taka shagon nan ba. Ina ruwan tela da kwamfuta?"

Sufeto ya sa aka kira Jiya, mai gyaran kwamfuta a Gidan Kwano, ya zo da injin aro. An ɗauke wuta, suka zauna har la'asar. Da allon ya kama, sai ga tabo kore da shuɗi a kusurwarsa ta sama.

"Ran Asabar babu wannan," in ji Magdalina.

"Maganaɗisu ne," in ji Jiya. "In mai ƙarfi ya taɓa gilashin, ko allon a kashe yake, launinsa zai rikice."

"Akwai rediyo ko lasifika a shagon nan?" Sufeto ya tambayi Magdalina.

"Babu."

Ranar Talata Sufeto ya birkice ɗakin Kambai, ya bi masu gyaran rediyo na Limawa ɗaya bayan ɗaya. Bai samu komai ba. Da ya koma ofis, Kambai ya yi magana daga bayan kanta: "Oga, gobe ne fa."

Sufeto ya koma shagon Magdalina, ya hau tebur ya duba silin. Falle ɗaya ya goce. Wajen saukowa ƙusa ta yage masa hannun riga. Ya yi tsaki, ya shiga wurin Mudi don ya ɗinke masa.

Mudi na miƙa hannu ya ture gwangwanin fil. Ya zaro baƙin maganaɗisun tsohuwar lasifika daga aljihun gaba, ya goga a ƙasa, fil ɗin suka manne.

"Kullum a aljihu yake?"

"Kullum. Haka maigidana ya koya mini."

"Zo ka zare mini wayar bayan allon can."

Mudi ya bi shi shagon Magdalina, inda allon ke kunne da injin aro. Yana sunkuyawa ta saman allon, aljihunsa ya taɓa daidai kusurwar nan. Launin ya fara juyawa.

"Ka ce ba ka taɓa shigowa ba."

Mudi ya dubi aljihunsa. "Ta silin na sauko. Injin yana ƙarƙashin ƙyallayena. Allon ne ya yi mini nauyi."

Sufeto ya kira wani kofur ya sa wa Mudi ankwa, aka tafi da shi.

An saki Kambai kafin magariba. Ya zo shagon, ya ajiye wa Magdalina makullinta a kan tebur, ya yi tafiyarsa.