Bishiyar da Kawu Nomau Ya Yanke

Uwani, rage fitilar nan. Kuma wanda ya katse ni, na fasa.

Kun san Kawu Nomau makaho, mai zama a zaure. Ba da makanta aka haife shi ba. Taurin kai ne ya ja masa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shi ne mai haska fim a tsohuwar silimar bakin kasuwa, wadda ba ta da rufi. Akwai wani fim na daji da mutane ke so. Bature da hular kwano, giwaye, kada a kogi, 'yan dako a layi. Amma fim ɗin ya tsufa. Kullum sai ya tsinke a wuri ɗaya, daidai inda matafiya ke wucewa ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya. 'Yan kallo su yi ta ihu da zagi, suna jifansa da ɓawon rake. Shi kuma ya sa almakashi ya datse inda ya lalace, ya manne da gam.

Manaja ya ce, "Nomau, ya ƙara tsinkewa, a bakin aikinka."

Ran nan an tashi, ya rage shi kaɗai a ɗakin inji. Sai ya ji ƙanshin ɗanyen ganye, ga shi ana tsakiyar rani. Ya ji taku a matakala. Ƙwas. Ƙwas.

Wani dogon tsoho ya shigo ba sallama.

"Malam, ka daina yanke bishiyar nan."

"Baba, an tashi. Sai gobe."

"An sare ta a daji tun tuni. A fim ɗin nan kaɗai ta rage. Iyalina suna ciki."

Kawu ya dubi ƙafafun tsohon. Kofato ne, irin na jaki.

Mai hankali da ya bar aikin, ko ba haka ba? Ina! Washegari manaja ya sake yi masa tsawa, sai Kawu ya ce shi aljani ba ya ciyar da shi. Ya datse bishiyar gaba ɗaya, ya jefa guntun a garwashin mai shayi. Daren nan fim bai tsinke ba ko sau ɗaya. Har tafi aka yi masa.

Yana rufe ƙofa, ƙanshin ganye ya dawo.

"Sau nawa ka kalli bishiyar nan?" in ji tsohon.

"Ya fi ɗari."

"To, da sauranta a idonka. Can za mu koma."

Tun daga ranar ba ya ganin komai sai ita. An kai shi asibiti, an sha rubutu, a banza. Ba ku lura yana kewaye wani abu a tsakar gida ba, inda babu ko turmi?

Saboda haka kada wanda ya bi ta kangon silimar nan shi kaɗai. In kuma kun kai wa Kawu tuwo, ku gaishe shi kai a sunkuye. Na taɓa leƙa idonsa sau ɗaya. Ganye na motsi a ciki.