Famfon Gidan Maiwada

Sabuwa, ke ba ki taɓa sanin abin da ya fito daga bakinki a yammacin nan ba, don da kika farfaɗo cewa aka yi da ke zazzaɓi ne. Ni ma da na aure ki ban sani ba. Sai da muka dawo daga kai ki makwancinki, babanki, wanda ya taso daga gadon asibiti, ya ja ni bayan rumbu, ya zauna a ƙasa, ya ba ni labari. Ga shi yadda ya faɗa. Ki ji, tunda naki ne.

A shekarun da auduga ke tashe a Funtuwa, babanki Maiwada ma'auni ne, mai auna auduga a wani kamfani. Aka ba shi gida a sabon layin ma'aikata, can bayan gari, inda da gonaki ne. Ginin siminti, rufin kwano, har da famfo a madafa, matarsa Hajo ta huta da zuwa rijiya. Aibin famfon guda ne: ba ya ɗauruwa. Ko an murɗa shi iya ƙarfi sai ya yi ta ɗiga, ɗis, ɗis, ruwan ya bi rariya ya shige wata 'yar tsaga a gindin bango. Tsagar ba ta cika, ba ta kuma tara sauro.

Wata rana ya dawo aiki a gajiye, rana ta yi ja, kaji suna shiga akurki. Ɗigon nan ya tsaya masa a rai. Ya rufe makullin ruwa na waje, ya ɗauko sifana, ya yanko roba daga tsohuwar tayar kekensa.

Hajo ta ce, "Malam, ka bari gari ya waye mana. Almuru ya yi."

"Ɗanasabe maƙwabcinmu da kansa ya gyara nasa. Hannunsa ya fi nawa ne?"

Kan famfon ya ci tsatsa, ya ƙi kwancewa. Ya ɗiga masa man gyaɗa, a banza. Sai ya sauke tukunyar ruwan tuwo da ke tafarfasa a murhu, ya kwarara masa. Haushi ya sa ko bisimilla bai yi ba, shi da tun yana ƙarami ake gaya masa ba a zubar da ruwan zafi a rariya da magariba. Ruwan ya gangara yana turiri, ya shige tsagar. Ƙarfen ya saki. Ya cire ruɓaɓɓiyar robar, ya sa sabuwa, ya ɗaure tam, ya buɗe makullin.

Ba ɗigo.

A lokacin ne ya lura gidan ya yi tsit. Kaji sun yi shiru, gyare ya daina kuka. Can ƙasa, ƙarƙashin simintin da yake tsaye a kai, ya ji kamar jariri ya canyara sau ɗaya.

Kashegari da faɗuwar rana duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Maiwada ya zagaya da fitila, ba kowa. Duwatsun masu sulɓi ne, irin na bakin rafi, kuma a jiƙe suke, alhali rani ne. Hajo ta cika randa da yamma, da safe ta tarar da ita a bushe har ƙasa. Idan ta sunkuya wanke-wanke, sai ta ji wata mata tana lallashin yaro daga cikin rariya.

Sannan abin ya koma kan 'yarsu Sabuwa, wadda a lokacin ta fara tasawa. Ƙishirwa ta kama ta. Ta sha kwano, ta ƙara kwano, leɓenta yana tsagewa. Bororo ya fito mata a hannu kamar na ƙuna, ita da ba ta taɓa wuta ba. Da magariba ta yi, sai ta rarrafa madafa, ta zauna ƙarƙashin famfo, ta ɗaga kai, ta buɗe baki tana jira.

Maiwada ya bi motar kasuwa zuwa Dayi, ya ɗauko Malam Manu, wani dattijo da aka sani da karatu da aikin iska. Suka iso la'asar sakaliya. Malam bai tambayi kowa komai ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar madafa, ya sa turare a kasko, ya fara karatu a hankali. Da inuwa ta cinye tsakar gida, yarinyar ta daina motsi. Ta juyo da kanta, jikin bai juyo ba. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe.

"Ka rage hayaƙin nan, Malam. Ɗana ba shi da lafiya."

"Ke wace ce? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Nan idon ruwa ne. Maguzawan da suka noma wurin nan sun san da ni, ko da fari ba sa kwashe shi duka. Aka zo aka cike, aka zuba siminti, na yi haƙuri. Ƙarfen nan ya riƙa ɗigo mana, muka ce mutanen kirki ne. Ashe..." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ɗana ya sa baki yana sha, aka zuba masa tafasasshe. Aka kuma ɗaure."

Maiwada ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba."

"Ka yi sallama? Ka ambaci Allah, mu kauce?"

Ya sunkuyar da kai.

"A ba ni wannan a madadin nawa."

Malam ya ce, "Rai ba naki ba ne, ba na ubanta ba. Nemi wani abu."

Hayaƙin ya kwanta, sannan muryar ta dawo.

"To, ruwa."

"Za a riƙa ajiye miki a ƙwarya kullum."

"Ɗan Adam mantuwa gare shi. Ƙarfe ba ya mantuwa. A mayar mini da ɗigona."

Maiwada ya tashi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya kwance kan famfon, ya tsaga robar da wuƙa, ya mayar. Suka saurara. Ɗis. Ɗis.

Malam ya sa ta rantse za ta fita, ta rantse. Amma ta ƙara da cewa, "Ranar da ya bushe, ita ma ta bushe."

Malam ya ce, "Ba mu yi haka da ke ba! Tsaya!"

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Malam Manu ya daɗe yana kallon famfon. Ya ce kada a gaya wa yarinyar, kada a gaya wa kowa, domin tsoro ƙofa ce. Maiwada ya riƙe maganar. Aka so a ɗaga shi zuwa wani gari da ƙarin girma, ya ƙi. Mutane suka riƙa yi masa ba'a, ma'auni guda ya kasa gyara famfo, yana murmushi. Ya aurar da 'yarsa a garin Bakori, kullum da magariba yana tsaye a madafa yana saurare.

Sai bana ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti Malumfashi, Hajo na jinya. Suka bar wa Ɗanasabe makulli. Mutumin kirki ne. Ya ga ruwa na zuba, ya ce bari ya yi wa maƙwabcinsa abin arziki kafin ya dawo, ya ɗaure famfon tam.

Sauran kin sani, Sabuwa. Kina daka da yamma kika ce in miƙo miki ruwa. Na ba ki moɗa, na ƙara, na karkato randar gaba ɗaya, kina cewa ba ya sauka.

Gidanmu babu famfo. Amma tun shekaranjiya, idan rana ta faɗi, Bilki 'yarmu tana sakin goyon kakarta, ta rarrafa gindin randa, ta ɗaga kai, ta buɗe baki. Jiya na yi bisimilla, na huda gindin randar da basilla. Tana ɗiga har safe, ƙasan wurin kuwa a bushe yake ƙamas.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.