Kwana Arba'in Yana Gadin Takalma

Ranar da Taimur ya fara ganin Shagufta, takalmi ne ya kawo shi lungunmu. Bikin abokinsa ya matso, aka ce masa duk birnin Multan babu mai ɗinka takalmin biki kamar Baba Karamat, shi ne ya ajiye mota a bakin titi ya ratso yana toshe hanci. Shagon awarwarona yana kallon nasu, don haka a idona aka yi komai.

Baba Karamat ya tafi sallar la'asar. 'Yarsa Shagufta ce zaune tana yi wa fuskar takalmi ado da zare mai ruwan zinariya, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Lamba tara nake sawa," in ji shi.

Ta kalli ƙafarsa. "Tara da rabi. Kuma ta hagu ta fi faɗi, shi ya sa kake tafiya kamar agwagwa."

"Haka kike yi wa masu ciniki?"

"Masu toshe hanci kawai."

Sai ta ɗago. Wallahi na ga lokacin da hannunsa ya sauka daga hancin bai sani ba. Ya tsaya sototo har ta ce masa in ya gama kallo ya matsa, yana tare mata haske.

Taimur ɗan gidan Chaudhry ne, manyan masu gonakin mangwaro. Su Baba Karamat kuwa mochi ne, wato dukawa, tun kaka da kakanni fata suke taɓawa, manyan gari ba sa haɗa kofi da su. Kowa a lungun ya san lissafin ba zai fita ba, amma wa ya isa ya faɗa wa yaran zamani? Cikin wata bakwai Taimur ya sa an ɗinka masa takalmin da ko mai ƙafa goma ba zai iya sawa ba. Kullum Baba Karamat sai ya miƙa masa shayi, kullum sai Taimur ya dafa ƙirji ya kira shi Chacha, wato baffa, ya ce, "Na gode, yanzu na sha."

Saƙonninsu kuwa har haddace su na yi, don Shagufta ba ta ɓoye mini komai.

"Shaggu, takalmin dama yana matsa mini. In zo a duba?"

"Ƙarya kake. Ni na ɗinka shi."

"To zuciyata ce ke matsa mini. Ita wa zai duba?"

"Je ka asibiti, Chaudhry Sahib."

"Ki daina ce mini haka. Ce mini janu, wato masoyina, hasken idona."

"Sai ranar da ka cancanta."

Ta faɗi haka tana dariya, amma yarinyar ta riga ta faɗa. Ina ganin yadda allura ke sokar yatsarta duk lokacin da wayar ta yi ƙara.

Da Taimur ya gaya wa mahaifiyarsa, Begum Firdaus, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi! Murmushi ta yi ta ce a gayyato su shan shayi. Ita tuni ta ajiye masa Mahnur, 'yar ƙanwarta, wadda ta taso tana ɗaukar kanta matar gidan.

Baba Karamat ya sa farar rigarsa ta Idi. Ya daɗe yana goge hannunsa da lemun tsami, amma baƙin rini na shekara hamsin ba ya fita a yini ɗaya.

Suka shiga falon, kujeru birjik, Begum ta nuna masa ƙasa kusa da ƙofa. Aka kawo shayi, na mutan gida a kofunan tangaran, nasu a kofunan ƙasa guda biyu masu tsagewa, irin waɗanda ake ajiyewa a bayan kicin don masu shara. Shagufta ta kalli Taimur. Shi kuma ya kalli kofinsa.

"Karamat," Begum ta ce, babu ko Sahib ɗin girmamawa, "tunda Allah ya kawo ka." Ta zare takalminta ta tura masa da yatsar ƙafa. "Igiyar ta saki. Ka ga ba sai na aika ba."

Mahnur ta tuntsire da dariya har tana ƙwarewa. Tsohon nan mai furfura ya sunkuya ya ɗauki takalmin da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya ce a hankali, "Za a gyara, Bibi Ji." Suna fita suka ji an fasa kofunan a bayan kicin.

Kafin su iso lungu saƙo ya shigo.

"Shaggu, ki yi haƙuri, haka Ammi take. Kuma kin ga Abbanki bai ji haushi ba, ai aikinsa ne. Da sannu zan shawo kanta."

Kai, da ni ce da wayar ta sha ƙasa. Ita amsa ta rubuta.

"Mahaifiyarka ta zage mu, ita da ma ba ta taɓa cewa tana son mu ba. Kai ka ce kana sona, kuma ka shanye shayinka tas. Kada ka sake biyowa ta lungunmu."

Ta toshe lambarsa.

Sati biyu yana yawo kamar wanda aka yi wa sata. Daga ƙarshe ya tafi hubbaren waliyyin da ke bayan tsohuwar ganuwa, wurin Sa'in Barkat, tsohon malamin da ke kula da wurin, wai a ba shi laya ta juyo da zuciyarta. Ya zayyana labari, duk laifin na Ammi ne da Mahnur.

Tsohon ya saurare shi yana jan carbi. "Wata nawa kana zuwa shagonsu?"

"Bakwai, Sa'in."

"Shayinsu da daɗi?"

Taimur ya kawar da kai.

"Sau nawa ka sha?"

"Ban taɓa sha ba," in ji Taimur.

"To mahaifiyarka ta fi ka gaskiya, ita a fili take fasa kofinta. Ba ni da layar da zan ba ka. Je ka bakin ƙofa ka karɓi gadin takalma, kwana arba'in. Ba za ka nemi yarinyar ba, ba za ka rama wa kowa magana ba. Ka riƙa kallon hannunka kawai."

Haka ɗan Chaudhry ya zauna a kan buhu a bakin hubbare, yana karɓar takalman masu ziyara yana miƙa musu ɗan katako mai lamba. Kwanakin farko da cika baki ya yi su, yana jin shi wani waliyyi ne. Sai a rana ta tara ya lura da abin da aka ce ya kalla. In takalmi mai sheƙi ne, da hannu biyu yake karɓa ya ɗora a kanta ta sama. In silifas ɗin ɗan dako ne mai laka, da yatsa biyu yake ɗagawa ya jefa ƙasa, kuma sai ya goge yatsun a jikin buhu. Babu wanda ya sa shi, Ammi ba ta wurin. Ya zauna yana kallon yatsun nan biyu har aka kira magariba, ya tashi ya yi sallar da ya ce ita ce ta farko da ya yi yana jin kunyar Allah.

Labari ya isa gida. Abokansa suka zo musamman suka riƙa watsa masa takalma suna cewa, "Mochi, a goge da kyau!" Mahnur ta ɗauke shi a waya, ta nemo lambar Shagufta ta tura mata, da rubutu a ƙasa: "Ga angonki yana koyon sana'ar surukinsa. Ya ce mana duk wasa ne, cacar da suka yi da abokai ce."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma zuciyar da aka ƙona ba ta tsayawa bincike.

Ranar Alhamis, kwana na talatin da ɗaya, Shagufta ta raka mahaifinta ziyara. Wurin cike da jama'a. Ta tsaya a kan Taimur, ya ɗago, ya rame ya yi baƙi.

"Sannu da aiki, Chaudhry Sahib," ta ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Kwana arba'in za ka yi kana wasa da abin da aka haife mu a ciki. Ranar arba'in da ɗaya ka wanke hannu da sabulu mai ƙamshi ka koma kujera. Mu fa, da wane sabulu za mu wanke?"

Ta cire takalminta ta wurga cikin kwatar da ruwan alwala ke bi.

"Ɗauko. Ai aikinka ne."

Mutane suka yi cirko-cirko, wasu 'yan mata suna ƙyalƙyala dariya. Taimur ya tashi ya durƙusa ya zura hannu cikin kwatar, ya ciro takalmin, ya share shi da gefen rigarsa.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Ni ina da wurin komawa, ku ba ku da shi. Kuma ba Ammi ce ta wulaƙanta Abbanki ba, ni ne, wata bakwai ina yi ina murmushi. Ban san haka nake ba, Shagufta. Yanzu na sani."

Ya miƙa mata katako mai lamba kamar yadda yake miƙa wa kowa.

A hanyar gida Baba Karamat ya yi gaba har suka zo bakin shagona. Nan ya tsaya ya kalli 'yarsa.

"Na sha ganin fuskar Begum a gidaje da yawa," ya ce. "Ban taɓa zaton zan gan ta a gidana ba."

Ya shige. Maganar nan ta yanke ta fiye da kofin ƙasa. Kwana uku ba ta taɓa allura ba. Rana ta huɗu ta zo ta zauna a shagona idanu jawur.

"Khala," ta ce, haka take kirana kamar ƙanwar uwa, "kin san me nake cewa a kwaleji in an tambaye ni aikin Abba? Ɗan kasuwa. Shekara uku ban kawo ƙawa ko ɗaya gida ba, don kada ta ga hannunsa. Ranar nan da ya sunkuya, ni ma ina zaune ban hana shi ba. Kunyarsa nake ji, ba tausayinsa ba. Shi ya sa na kasa yafe wa Taimur, abin da ke cikina na gani a jikinsa."

Na rungume ta muka yi kuka tare, masu sayen awarwaro suka gaji suka tafi. Daga nan ta tsallaka shagonsu ta durƙusa ta faɗa wa mahaifinta duka, ba ta rage komai ba.

Ranar da arba'in ta cika ta buɗe lambarsa.

"Na zalunce ka a gaban jama'a, kuma na ji daɗin yi. Ka yafe mini. Ni ma ba wadda kake zato ba ce, akwai abin da zan gaya maka game da ni da Abba. In ka ji kana so har yanzu, to."

"Zan saurara. Ni ma ban gama wankuwa ba, jiya ma sai da na kama yatsuna. Amma yanzu ina kama su."

"To mu riƙa kama wa juna, janu."

Ya ce sai da ya karanta kalmar ƙarshen nan sau ashirin.

Aka sa rana. Begum Firdaus ta aiko da amsarta ta bakin mai aikinta: ɗanta ya mutu, kuma ranar ɗaurin auren za ta yi sadakarsa. Muka zaci barazana ce. Ina! Ta kafa rumfa a ƙofar gida, aka girka shinkafa tukunya shida, mata suka zauna suna kuka, aka rataya hotonsa, Mahnur da farin mayafi tana karɓar gaisuwa. Mutane suka je suka ci, don babu mai son ɓata da masu gonaki.

A daidai lokacin muna tsakar gidan Baba Karamat, mu goma sha huɗu. Ango bai zo da dangi ko ɗaya ba, Sa'in Barkat ne ya tsaya masa. Ana shirin farawa wani maƙwabci marar hankali ya shigo yana ba da labarin rumfar. Taimur ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Shagufta ta yi magana daga bayan labule. "In kana so a ɗaga, a ɗaga. Ba zan riƙe ka da shi ba."

Ya ɗago kai. "Kada a ɗaga. Kuma kada kowa ya zagi Ammi a nan. Na san zuciyar da take fama da ita, shekara ashirin da bakwai na yi da irinta."

"To ga sharaɗina, a gaban shaidu," ta ce. "Duk Juma'a za mu je ƙofarta mu yi sallama, ni da kai. Ta buɗe ko kada ta buɗe."

Aka tambaye su sau uku-uku, suka ce sun karɓa. Baba Karamat ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya sa su zame wa juna sutura, ya ba su zuri'ar da ba za ta ji kunyar kowa ba kuma ba za ta raina kowa ba. Muka ce amin da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

Shekara biyu ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko suna wucewa ta gaban shagona, yanzu da 'yarsu a kafaɗa. Su tsaya a ƙofar ƙarfen nan, ya ce, "Assalamu alaikum, Ammi," ita ma ta ce, "Assalamu alaikum, Ammi." Su jira kaɗan, su juyo yana riƙe da hannunta.

Har yau ba a amsa ba. Allah ya ƙara musu son juna da haƙuri, ita kuma Allah ya tausasa mata zuciya tun tana da sauran lokacin buɗewa.