Jar Fitila a Gidan Takaba

Takalman maza ƙafa goma sha ɗaya Barira ta ƙirga a bakin ƙofa, a hawa na talatin na Benen Tafki. Ta cire nata ta ajiye a gefe, ta yi sallama a hankali, ta ratsa falon kanta a sunkuye. Duk da haka ta ga fitilar da ke saman ƙofar banɗaki. Ja ce. Kowa a falon yana ƙoƙarin nuna bai ga fitilar ba.

Dubau ke kunna fitilar. Shekara uku ke nan da Hukumar Lafiyar Gidaje ta Sabon Birni ta ɗaura wannan na'ura a kowane banɗaki. Ɗigo uku na fitsari take ɗauka, ta duba fararen ƙwayoyin jini da sinadarin da ƙwayoyin cuta ke bari, cikin daƙiƙa arba'in ta fitar da rahoto. Da aka zo tsara inda rahoton zai tafi, takardar rajista tambaya ɗaya ta yi: wane ne mai gida? Barira a ɗakin gwajin hukumar take aiki. Sau biyu tana rubuta wa shugabanta cewa a gyara wannan, ba a ba ta amsa ba.

Yayarta Hasiya tana ɗaki, zaune a kan tabarma, kwananta talatin da takwas cikin takaba. Mijinta Nafi'u ya yi wata uku a asibiti kafin ya rasu. Ranar da ya rasu rajistar gidan ta koma hannun wansa, Alhaji Shu'aibu, don haka a wayarsa rahoton ya sauka jiya da safe: "Mace, shekara talatin da ɗaya. Ƙwayoyin cuta a mafitsara. Abin da ya fi jawo shi a matan wannan shekaru: saduwa da namiji."

"Yaya, tun yaushe kike jin zafin?"

"Sati guda. Kamar an zuba barkono." Hasiya ta gyara mayafinta. "Alhaji ya ce idan ba a wanke ni daga zargin ba, ina fita takaba in koma gidanmu, Ummi ta zauna a wurin matarsa."

Ummi, 'yarta mai shekara huɗu, tana barci a bayanta. A gefen tabarmar akwai kofin ruwa cike har baki, tururuwa ɗaya tana yawo a samansa.

"Me ya sa ba kya shan ruwa?"

"In sha in yi yaya da shi, Barira? Banɗakin yana can bayan falo. Tun ranar rasuwa Alhaji ya dawo da majalisarsa nan, wai kada gidan ya yi shiru. Na'urar sanyinmu ce ta fi tasa aiki, shi ne gaskiyar. Daga hantsi har bayan magariba suna nan. Ni mai takaba in ratsa maza goma sha ɗaya, in shiga, su ji ƙarar buta? Sai in riƙe."

Barira ta runtse ido. Ta ciro kwalbar gwajin fitsari daga jaka ta miƙa mata, ta raka ta, ta tsaya a bakin ƙofar banɗakin kamar mai gadi har Hasiya ta fito. Ta bar mata magani ta ce ta fara sha tun yau, kada cutar ta hau ƙoda.

Kwana biyu ta yi tana renon ƙwayoyin a faranti, irin gwajin da aka daina yi tun zuwan Dubau. Suka tsiro kamar yadda ta zata: ƙwayoyin cikin hanji ne, waɗanda kowane ɗan Adam ke ɗauke da su. Hanyar fitsarin mace gajera ce, kuma kusa take da inda suke fitowa. Saduwa tana iya tura su ciki, wannan gaskiya ne. Rashin shan ruwa da riƙe fitsari su ma suna ba su lokaci su hayayyafa. Ba cuta ba ce da ake ɗauka daga jikin wani. Tana cikin rubuta sakamakon ta buɗe alƙaluman birnin, ta ga abin da ba ta nema ba. Matan da ke amfani da banɗakin gidajensu sun ragu sosai a shekarar nan, masu kwanciya da ciwon ƙoda kuwa sun ƙaru. Ta tura wa shugabanta. Amsa ta zo daga na'urar ofishinsa: an karɓa, za a duba.

Ranar sadakar arba'in Barira ta koma gidan. Ta durƙusa ta gaida Alhaji Shu'aibu, ta miƙa masa takardar sakamakon da hannu biyu. Ta yi masa bayanin duka.

Ya saurara yana shafa gemu. "To, 'yar likita, na ji. Ke ƙanwarta ce, dole ki faɗi haka. Shi wannan ba shi da 'yar'uwa." Ya ɗaga wayarsa. "Dubau, tsakaninka da Allah, za ka iya tabbatar mana ba ta kusanci namiji ba?"

"Gwajin fitsari ba ya nuna wannan," in ji na'urar.

"Kun ji ko? Bai musa ba."

"Alhaji, bai tabbatar ba kuma. Babu gwajin da zai iya."

"To me ya sa ya rubuta?"

"Lissafin mata dubu ɗari ya ɗauka ya ɗora mata. Bai san ta ba. Bai san tana takaba ba."

Wani mai farar hula a kusurwa ya yi dariya. "Su suka ƙera abin, yau kuma su ke cewa kada a yarda da shi. A cire mana kuɗin wutarsa mana."

Barira ta miƙe tsaye. Tun tana jami'a ba ta taɓa ɗaga murya a gaban manya ba.

"Ku ne," ta ce. "Zamanku a nan ne. Kwana arba'in ba ta iya wucewa banɗaki saboda kunyarku."

Alhaji ya ajiye wayar a hankali.

"Mu da muka zo taya ta zama? Yanzu mu ne cutar?" Ya girgiza kai. "Allah ya shirya. Ga hanya mai sauƙi. Kin ce ta sha magani. Ta shiga yanzu, a gabanmu. Idan fitilar ta koma kore, sai mu sake zama a kan maganar yarinya."

"Kore warkewa kawai zai nuna, Alhaji, ba zai nuna..."

"Ta shiga dai."

Labulen ɗakin ya motsa. Hasiya ta fito, jaka a kafaɗa, hannun Ummi a cikin nata. Ta ji duk abin da aka faɗa. Karo na farko cikin kwana arba'in ta ratsa falon kanta a ɗage. Mazan suka janye ƙafafunsu. Ta zo daidai ƙofar banɗakin, ba ta ko kalle ta ba, ta wuce.

"Hasiya, takaba kike yi fa," in ji Alhaji. "Ina za ki?"

Ta sunkuya ta saka wa Ummi takalmi, ta lalubo nata a ƙarƙashin na mazan. Ƙofar ta ja kanta ta rufe a bayansu. Fitilar ba ta canzawa sai wadda ta kunna ta ta sake shiga, don haka ta ci gaba da zama ja a saman kawunansu.