Dariyar da Ta Kai Ta Asibiti

A ɗakin karatu na jami'a suka haɗu, ana saura sati ɗaya jarrabawa. Tana zaune tana tauna murfin biro kamar da shi aka yi mata laifi. Wanda 'yan ajinsu ke kira Ɗan Raha ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, in yunwa ce ki faɗa, biron nan bai ƙoshi ba balle ya ƙosar da ke."

Ta tuntsire da dariya, sai muƙamuƙinta ya yi ƙas, baki ya ƙi rufuwa. Shi ya raka ta asibitin makaranta.

Likita ta gyara gaɓar, ta ce damuwar jarrabawa, taunar biro da cingam, da cizon haƙora cikin barci ne suka gajiyar da ita. Ta hana ta buɗe baki sosai, ko da dariya ce.

Kafin wata uku soyayya ta yi ƙarfi. Amma Babanta ya ce shi ba zai ba wa mai mayar da rayuwa wasa 'yarsa ba.

Ɗan Raha kuwa ya daina raha ɗungurungum. Ya zo, ya kai ta ganin likita, ya tuna mata gasa wajen da ruwan ɗumi, ya tafi fuska a ɗaure. Abin ya yi mata ciwo fiye da muƙamuƙin, har ta rubuta masa saƙo a waya:

"In ka gaji da ni ka faɗa. Kowa kana sa shi dariya, ban da ni."

Amsa ta zo nan take: "Zumata, kullum da labarai cike da bakina nake zuwa, in haɗiye su. Tun ranar da na ga hawayenki a asibiti nake tsoron in sake ji miki ciwo."

Ta karanta ta yi kuka, Mamanta ta karɓi wayar, ta kai wa Baba.

Baba ya daɗe yana kallon saƙon, sannan ya ce, "Yaron da ya iya danne halinsa wata uku saboda 'yata, ba ɗan wasa ba ne. A ce ya turo manyansa."

Bayan sun kammala karatu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kafaɗar ango ya ce:

"Na ba ka amanarta, ɗana. Allah ya yi muku albarka."